Sanarwar Rasuwar Bohol

A Bukan Sidi, inda aka haife ni kuma nake zaune har yau, yayana ne yake sanar da mutuwa. Shi ba liman ba ne, ba ladan ba. Tela ne, shagonsa na jikin katangar masallacinmu. Amma tun yana saurayi, in aka yi rashi a unguwa wurinsa ake zuwa, ya ajiye almakashi, ya shiga masallaci ya ɗauki makirfo. Yana da yadda yake farawa, wanda ko yaron goye ya sani. Zai ƙwanƙwasa kan makirfon da yatsa, ya yi gyaran murya, ya ce, "Jama'a, a saurara," ya ja Inna lillahi a hankali, sannan ya dakata kafin ya faɗi sunan mamacin.

A wannan dakatawar, mu yake jira. Lasifikar masallacinmu tsohuwa ce, irin mai faɗin baki da ake ɗaurewa a kan kwano, ba ta da wani ƙarfin kirki. Mutane ne suke kai sanarwar nesa. Ni ina da injin markaɗe a ƙofar gidanmu, kuma da na ji ƙwanƙwasar nan nake kashe shi, ko da kuwa waken ƙosai ne rabinsa a ciki. Mai walda da ke gaba da mu ya kashe janareto. Mai injin bayan layi ta ji namu ya mutu, ita ma ta kashe nata. Masu rediyo su rage, uwa ta daka wa ɗanta tsawa, ɗan okada ya taka birki ya karkata kunne. Haka shiru zai yi ta bin layi bayan layi, sannan sunan ya biyo shi har inda lasifikar ba za ta kai da kanta ba. Kuma ba Musulmi kaɗai ke yi ba. Maƙwabciyata Maman 'yan biyu, 'yar Tibi mai sayar da doya, ko ciniki take yi sai ta ɗaga wa mai saye hannu, ta leƙo ta ce mini, "Anti, wa ne Allah ya ɗauka kuma?"

Mahaifiyarmu, Iya, ita ce take wanke mata in sun rasu. A wurin kakarmu ta gaji aikin, kuma ban taɓa ganin ta karɓi ko sabulu a kansa ba. Tana da ɗan kwando rataye a bayan ƙofar ɗakinta, da sabulu da kafur da busasshen ganyen magarya da tsumma mai tsabta a ciki. Da ta ji gyaran muryar yayana za ta miƙe ta yafa mayafi, ta sauke kwandon, ta tsaya a bakin ƙofa. In namiji ne, ta yi masa addu'a ta mayar da kwando. In mace ce, ba ta jira a aiko.

Yayana shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma zama su yi doguwar hira. "Yayanki" take cewa, tana kawar da kai. Amma na san tana ji da aikin nan nasa fiye da ɗinkin. Ta sha ce mini, tana tsintar shinkafa a bakin injina, "Auta, ni ban tara komai ba, kuma ban roƙi Allah in tara ba. Jama'a kawai nake roƙo a kaina. Malamai sun ce yawan masu sallah ceto ne ga mamaci. Ranar da yayanki zai faɗi sunana, ina so layin nan ya cika har bakin kwalta."

"Iya, don Allah ki bar zancen nan."

"In bari ya fasa zuwa? Ke dai tunda mata ba ku fita, ki zauna a ɗakin nan ki kasa kunne. Daga ƙafafun mutane za ki gane."

Sai in yi tsaki in tayar da inji don kada in ji sauran.

Ni tun asali ban yarda da ɗan siyasa ba. Ko gaishe ni ya yi sai na shafa bakin zanina na ji ko ɗaurina na nan. A kakar zaɓen da nake magana, mutum biyu ne suke kokawa a kan kujerar majalisa ta wajenmu: wanda ke kan kujerar, da wanda ke neman ta. Ban ji ko ɗayansu ya faɗi abin da zai yi mana ba. Kowa abin da ɗayan ya yi yake faɗi. An manna fosta a katangarmu, hoton na kan kujera yana barci a wani taro, baki buɗe. Washegari aka manna wata a kanta, hoton wani gida mai hawa, wai na mai neman kujera ne, wai da kuɗin marayu ya gina shi, alhali babu wanda ya san ko a wace ƙasa gidan yake. Ga waƙoƙin habaici a rediyo. Ga saƙonnin murya a waya, an yi da Hausa, an yi da Eggon, an yi da Tibi, an yi da Alago, kowace ƙabila ana raɗa mata cewa wancan ya rantse zai sayar da ita.

Bakin inji wurin zaman jira ne, shi ya sa babu wanda ban ji ba. Mata za su jera bokitai su zauna, wata ta ce, "Wallahi na tsani zage-zagen nan, ko kunyar Allah ba su ji." Kowa ya ce gaskiya ne. Can sai wata ta fito da waya ta ce an turo sabo, sai ka ga kawuna sun haɗu, da mai tsanar da kowa, ana cewa a ƙara sauti, a sake kunnawa. In na ce, "Ashe dai kun tsana," sai a ce, "Ai don mu san sharrinsu muke ji." Yaranmu kuwa sun haddace habaicin tas, sun fi riƙe shi a kan karatun allo.

Maman 'yan biyu ce kaɗai ba ta kai kanta wurin wayar. Takan ce, "Anti, in mutum ya zo yana nuna maka datti na wani, kai ka zaga ka duba bayan shi. Abeg, ni ba na yarda da kowa. Dukan su ɗaya ne, hula ne kawai daban."

Wata ranar Laraba da hantsi ina tsakiyar markaɗen tumatir na ji ƙwanƙwasa, na ji gyaran murya, na ji "Jama'a, a saurara." Hannuna ya kashe inji tun kafin in yi tunani. Mai walda ya kashe janareto. Shiru ya bi layi kamar kullum. Na dai lura sautin ya fi na yau da kullum ƙarfi, kuma ba daga wajen masallaci yake zuwa ba, daga bakin kwalta ne. Iya ta fito da mayafi da kwando ta tsaya a bakin ƙofa. Sai ga keke mai ƙafa uku ya karyo kwana, an ɗaure masa manyan lasifika biyu a ka, muryar na tafe da shi:

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ana sanar da rasuwar bohol ɗin Bukan Sidi, wanda ya rasu bayan doguwar jinya, babu wanda ya zo duba shi. Ya bar mata da yara da jarkoki masu yawa. Za a yi jana'izarsa ranar zaɓe, a rumfar zaɓe. Allah ya ba da ikon halarta."

Daga nan kiɗa ya ɓarke, wata murya daban ta kama sunan na kan kujera tana cewa shi ya kashe.

Tunda duk mun yi tsit, babu wanda bai ji ba. Mai walda ne ya fara fashewa da dariya, har da dukan cinya, sai dariyar ta bi layin da shirun ya bi. Abin da ya sa ta kama mutane shi ne babu ƙarya a ciki. Bohol ɗin nan da ke ƙarshen layinmu ya daɗe da mutuwa, tankinsa ya zama wurin shan inuwar awaki, ruwan 'yan ga-ruwa muke saye. Ni ma na ji dariyar ta taso mini, amma da na juya na ga Iya sai ta koma. Tana tsaye da kwandonta, mayafin ya zame daga kafaɗa ɗaya, tana kallon keken har ya fice. Ta juya ta shiga ɗaki. Na bi ta na tarar tana rataye kwandon.

Na ce, "Iya, kwaikwayo ne. Yaran yanzu babu muryar da ba su iya yi."

Ta ce, "Ni ban tambaye shi ba. Ke ma kada ki tambaye shi."

Ban tambaye shi ba, amma ban fasa sa masa ido ba. A cikin satin nan aka kawo wa masallacinmu batir da farantin sola, wai wani bawan Allah ne ya bayar, bai so a faɗi sunansa. A lokacin kamfen, bawan Allah da ba ya son a faɗi sunansa! Su wa ake mayarwa yara? Lasifikar dai tsohuwar ce, amma yanzu ko an ɗauke wuta za ta yi magana, kuma yayana ne ya fi kowa kukan rashin wutar nan shekara da shekaru. A majalisar maza, an ce ya rantse ba shi ba ne, wai yanzu waya na iya ɗaukar muryar mutum ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Wasu sun yarda, wasu sun yi murmushi. In ya shigo gaishe da Iya, sai in tsaya ina kallon yadda yake cin tuwo, ko zai haɗa ido da ni. Ba ya haɗawa. Amma dama can shi ba mai haɗa ido ba ne, shi ya sa ban samu abin kamawa ba.

Kafin a yi haka, tallan ya shiga waya, ya kuma haihu. Aka yi na rasuwar hanyar Adogi, wadda ta bar ramuka manya da ƙanana. Aka yi na rasuwar ɗakin shan magani. Yayana yana da giɓi a gaba, in ya ce "saurara" akwai ɗan fito da ke biyo harafin farko. Nakan karɓi wayar mai markaɗe in manna a kunne in yi ta maimaitawa. A na bohol fiton na nan sarai. A sauran, yau in ji shi, gobe in rasa.

A bakin inji kuwa kowa ya zama ɗan sandan ciki. Wasu suka ce mai neman kujera ne ya sa aka yi, ai a fili take. Wasu suka ce ina, wannan dabara ce ta na kan kujera: shi ya biya aka zage shi da Inna lillahi, don malamai su tashi su ce abokin takararsa yana wasa da addini. Wata tsohuwa mai kawo gishiri daga Awe ta ce duk ba su gane ba, su biyun ne suka haɗa baki, don mu shagala da dariya mu manta da tambayar ina ruwan. Na fi karkata ga tata, don ita ce ta fi muni. Abin da na lura shi ne babu wanda tallan ya sauya wa ra'ayi. Mai son na kan kujera ya ƙara son shi saboda haushi, mai ƙin shi ya samu waƙar yi. Yayana ne kawai ya koma abin nuni.

Keken nan yakan wuce safe, rana, yamma. Ranar farko mun kashe injuna, ta biyu ma wasu sun kashe. Daga nan mai walda ya ce shi ba zai riƙa kashe janareto yana tayarwa saboda bohol ba, fetur ba kyauta ba ne. Mai injin bayan layi ta bi sahu. Magoya bayan na kan kujera suka ce su sun daina sauraron wannan murya ko daga ina ta fito. Da wani dattijo ya rasu a can ƙasan unguwa, yayana ya hau makirfo, yana kaiwa wurin dakatawar nan sai yara suka haɗa baki a kan titi suka ce, "Ya bar jarkoki masu yawa!" Na fita da muciya na kora su, amma na ji manya ma suna ƙunshe dariya. Ni ban daina kashe injina ba, ko keke ne ko masallaci, har masu markaɗe suka fara mita wai ina ɓata musu lokaci. Na ce wadda ba za ta iya jira ba ga bayan layi nan. Sai dai inji ɗaya in ya mutu a cikin hayaniya babu wanda zai lura. Iya ma ba ta daina tashi da kwandonta ba. Sau da yawa a yini za ta miƙe da ciwon gwiwarta, ta tsaya a ƙofa, ta ji bohol ne ko hanya, ta koma. Na ce ta riƙa zama, in na gaske ne zan gaya mata. Ta ce wata rana zan shagala, a bar gawar 'yar mutane tana jira.

Ana saura 'yan kwanaki zaɓe hawan jininta ya tashi, ta kwanta. Ba ta daɗe ba. Da hantsi, ranar da ake taron rufe kamfen a cikin gari, tana riƙe da hannuna ta cika. Na rufe mata ido, na aika aka kira yayana daga shago. Ya shigo ya durƙusa a gefenta, sannan ya tashi ya nufi masallaci.

Ina zaune a ɗakin na ji ƙwanƙwasar. Na ji gyaran murya, wanda a ranar ba na al'ada ba ne, kuka ne yake haɗiyewa. Ya ce, "Jama'a, a saurara." Ya ja Inna lillahi. Ya dakata.

Janareton mai walda bai tsaya ba. Injin bayan layi na ta ruri. Rediyon mai shayi na ta habaici, motocin da ke kwasar mutane zuwa taro na ta hon a bakin kwalta. Na ji wani ya wuce ta bayan tagarmu yana cewa, "Yau kuma me ya mutu, kwalbati?" Yayana ya faɗi sunan Iya a cikin wannan hayaniya, ni da nake kusa da ƙyar na ji. Ya sake daga farko. A karo na gaba bai ma ƙwanƙwasa ba, cewa ya yi, "Jama'a, don girman Allah, mahaifiyata ce." Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, har ya so ya fi na mutuwar kanta.

Maman 'yan biyu ta ga injina a rufe, ta ga ban fito ba, ta shigo. Tana ganin Iya a lulluɓe ta ɗora hannu a ka. Ba ta tsaya kuka ba, ta fita da gudu ko takalmi babu. Ita ta je ta kashe janareton mai walda da hannunta. Ta ɗauki dutse tana bin ƙofofin gidaje tana bugawa, tana ihu, "Ba kamfen ba ne! Iya ne ya mutu! Iya mai wanka! Ku fito, abeg, ku fito!" Daga baya ta gaya mini wani ya leƙo ya tambaye ta wace jam'iyya ce ta aiko ta. Ta ce da ba don gawa na jira ba, da dutsen nan a goshinsa zai sauka.

Dangi na kusa mun kira su a waya, sun zo. Amma unguwa ba a waya take jin mutuwa ba, kuma rabin mazan sun riga sun hau motocin taro. Ni na sauke kwandon daga bayan ƙofa, ni da ƙanwar Iya muka yi mata abin da ta yi wa matan unguwar nan duka. Da aka gama na aika wa liman roƙo a jira zuwa la'asar, mutane su dawo. Ya aiko cewa an riga an gama kabari, ga zafin rana, kuma ita kanta marigayiyar ta fi kowa faɗa a kan jinkirta gawa. Gaskiya ya faɗa, na sha jin ta tana yi.

Aka fita da ita. Na zauna a ɗakinta na kasa kunne kamar yadda ta ce. Na san yadda babbar jana'iza take a kunne: takun takalma ba ya yankewa, ana ta "a matsa gaba, a gyara sahu," in aka yi kabbara sai ka ji gunjin ya cika layi. Abin da na ji a ranar muryar liman ce, da tarin wani tsoho, da 'yan muryoyin da zan iya rarrabewa ɗaya bayan ɗaya. Ban iya haƙuri ba, na je na leƙa ta jikin ƙyaure. Sahun bai kai ko shagon mai walda ba. A gefe ga mijin Maman 'yan biyu da 'yan cocinsu da ta tattaro, sun cire huluna sun tsaya, sun kusa kai masu sallar yawa.

Bayan an ɗauki makara ne mutane suka fara ɓullowa, wasu da gudu, suna tambaya ko an tafi. Da yamma gidan ya cika maƙil. Kowa ya durƙusa da magana ɗaya: "Wallahi mun ɗauka tallan nan ne." Matar da Iya ta wanke wa uwa ta faɗa, mutumin da Iya ta wanke wa mata ya aiko a faɗa. Na yi ta amsawa da "Allah ya ba da lada" har bakina ya gaji. Da mai injin bayan layi ta zo da tata rantsuwar, na ce, "Da kin kashe injin na ɗan lokaci, nawa za ki rasa?" Ƙanwar Iya ta mintsine ni, amma ban janye ba.

Ranar addu'ar uku, maza na zaune a tabarmi a ƙofar gida, liman ya ɗaga hannu, sai ga keken ya shigo layi. Ƙwanƙwasa, gyaran murya, "Jama'a, a saurara." Muna jin shi daga cikin gida. An ce duk mazan suka sunkuyar da kai, yayana yana tsakiyarsu bai motsa ba. Mai walda ne, wanda ya fara dariya ranar farko, ya tashi ya tare keken ya fizge wayoyin lasifikar ya watsar a kwata. Direban ya ga fuskokin mutane, ya juya ya tafi.

Da la'asar, da mutane suka ragu, na tarar da yayana a ɗakin Iya, zaune a ƙasa, ya jingina da gadonta. Na sakaya ƙofa.

"Yaya, Iya ta hana ni tambayarka. Yanzu ba ta nan. Kai ne?"

Ya daɗe yana murza hularsa a hannu. "Na farkon ni ne."

"Na sani."

"Sun ce wasan kwaikwayo ne a kan ruwa, sau ɗaya za a sa a rediyo, babu sunan kowa. Ban san da keke ba. Kuma Auta, ki gaya mini, bohol ɗin nan ya mutu ko bai mutu ba? Tun yaushe Iya take alwala da ruwan saye? Na ce ko in an ji kunya a gyara."

"Sauran fa? Na hanya, na ɗakin magani?"

"Ba ni ba ne. Da waya suka haɗa."

"Batirin masallaci fa?"

Ya kawar da kai. Na ce to su waye suka zo. Ya ce sun ce masa daga wajen mai neman kujera suke, amma bayan kwana kaɗan ya hango ɗaya daga cikinsu a cikin jerin motocin na kan kujera, ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu. Har yau ban san wanda ya biya kuɗin tallan ba, ban kuma san ko yayana ya gaya mini duka ba. Na so in zage shi, na tanadi maganganu tun ranar jana'iza, amma na ga yadda wuyansa ya rame a kwana ukun nan, sai na buɗe ƙofa na fita. Daga ranar bai sake taɓa makirfo ba. Ya koma kwana a ɗakin Iya, ko shago ba ya buɗewa.

Rumfar zaɓenmu a gindin tankin bohol ɗin nan ake kafa ta, a ƙarshen layi. Ranar zaɓe da safe na shiga ɗakin Iya na kai wa yayana koko. An hana zirga-zirgar ababen hawa, babu janareto, babu inji, unguwa ta yi tsit irin yadda take yi a da. Ina ajiye kofin sai na ji takun ƙafafu. Takalma ne suke wucewa ta bayan taga ba yankewa, na roba da na fata, ana cewa, "A matsa gaba, a gyara layi." Na tsaya da murfin kofin a hannu ina saurare.

Na yafa mayafi na fita ƙofar gida. Layi biyu ne, na maza da na mata, sun taso daga gindin tanki, sun wuce masallaci, sun wuce injina, sun wuce shagon mai walda. Ga masu cewa sun tsani zage-zage, ga masu cewa sun daina saurare, ga mai injin bayan layi da katinta a hannu, ga tsofaffi an kawo musu kujeru. Babu fuskar da ban sani ba, kuma kusan babu gidan da Iya ba ta shiga da kwandonta ba. Suna ganina suka fara, "Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?" Maman 'yan biyu ta fito daga layi ta kama hannuna ta ce, "Anti, ka zo ka shiga gaba na." Na ce mata ta riƙe wurinta, ni ba yanzu ba. Na taka har tsakiyar hanya don in ga inda layin ya ƙare, na gani, na koma ciki.

Yayana na nan inda na bar shi, kokon ya fara sanyi bai taɓa ba. Shi ma kunnensa na wajen taga. Bai ɗago ba ya ce, "Auta, sun cika?"

Na ce, "Har bakin kwalta."